Yadda za ka gane abin da zabin daji ke nufi in sun sauya hali kana tsaka da farauta

Akwai wani bidiyo da ya daɗe yana yawo a waya, na san da yawanku kun gani, wasu talo-talon daji ne suka sa mushen kyanwa a tsakiya a kan titi suna ta zagaye shi a layi ɗaya kamar 'yan mata na gaɗa a dandali. A Amurka aka ɗauke shi a watan Maris na 2017, wani gari ne Randolph kusa da Boston. Duk sanda ya sake fitowa sai ka ji ana ta wai aljanu ne, wai tsafi ne, wai zaman makoki suke. Masanan tsuntsaye na can kuwa suka ce ba wani abu ba ne, tsuntsayen sun ga abin da suka sani da cin 'ya'yansu yana kwance ba ya motsi, suna so su duba shi amma ba sa so su matsa kusa, kowa na bin wutsiyar na gabansa, shi ke nan sai layi ya zama da'ira.

To mu nan ƙasar Kano da Jigawa ba mu da talo-talon daji, namu na gida ne da ake kiwo a kai kasuwa lokacin Kirsimeti. Na dajin a Amurka ta Arewa yake, shi yana tashi sama sosai kuma a kan bishiya yake kwana. Amma duk wanda ya taɓa bin zabin daji a bayan gari ya ga bidiyon nan zai ce ai na san wannan. Danginsu ɗaya da zabo da fakara da kaza, halinsu ma yana kama a wurare da yawa. Shi ya sa nake so in yi wa ƙannenmu masu tasowa a harkar nan bayani, don abin da na lura yaro in ya ga garke ya tsaya cak bai gudu ba murna yake yi, ya ce yau Allah ya kashe ya ba ni, hannu na rawa ya ɗaga adaka. Banza ba ta kai zomo kasuwa ɗan'uwa. Zabon daji da ka sani ko tarinka ya ji daga nesa ya bi sabara da gudu, in ka ga ya tsaya akwai dalili, kuma aikinka na farko shi ne ka gano dalilin kafin ka taɓa kunamar bindiga.

Mu fara da irin na bidiyon. In ka hango zabi sun taru wuri ɗaya sun yi zobe, wuya a miƙe, kowa ya karkata kai yana kallon ƙasa da ido ɗaya, suna wannan kukan mai kaɗa kunne ba tsayawa, wani ya matsa gaba ya dawo baya da tsalle, to kusan kullum maciji ne a tsakiya. Ko kasa, ko kububuwa, ko gamsheƙa, wani lokacin damo ko tunku. Abin yi a nan shi ne ka tsaya inda kake, kar ka ƙara taku ko ɗaya sai ka duba gabanka da gefenka, don inda ɗaya ta fito shan hantsi ba mamaki akwai wata. Sannan ka kalli inda bakunansu suka nuna, nan abin yake. In ka harba a wannan hali, zabon da ka samu zai faɗi ne daidai kan abin da suke zagayewa, kai kuma ka ruga da silifas ka kai hannu cikin ciyawa. Kasa ba ta gudu, kwanciya take ta saje da ganye sai ka taka ta ko ka dafa ta. Kububuwa kuma 'yar ƙarama ce amma ita ce ta fi kai mutane asibiti a ƙasar nan tamu ta arewa, in ka ji wani sauti kamar ana goga busassun ganye to jikinta take gogawa, ja da baya. Ni shawarata ka bar su su watse da kansu, ka bi su daga baya, in kuma har ka harba to jawo tsuntsun da doguwar sanda. Kuma don Allah in tsautsayi ya faɗa, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau da roba, a ɗora mutum a mashin a nufi asibitin da ke da allurar dafin maciji.

Akwai kuma akasin wannan, wato shiru. Garke na kiwo a gonar da aka girbe dawa, suna ɗan ƙus-ƙus ɗinsu a hankali suna tonon ƙasa, kawai sai ka ji tsit, wasu sun lafe wasu sun shige ƙarƙashin geza. Ɗaga kai ka duba sama, shaho ne ko mikiya. Wannan ba kai suka gani ba, zauna abinka, in ya wuce za su fito. Amma in duk suka miƙa wuya suka kalli gefe guda wanda ba naka ba, sannan suka fara tafiya sauri-sauri suna waiwaye, wani abu ne ke tahowa ta ƙasa, kuma wannan abin zai iya zama dila, zai iya zama kare, zai iya zama yaro mai kiwon awaki ko baiwar Allah mai neman itace. Maharban talo-talo a Amurka suna da ƙa'ida biyu da suka burge ni a nan. Ba sa saka ja ko fari ko shuɗi in za su shiga daji, saboda kalar kan namijin ke nan, yana sauyawa tsakanin ukun nan in ya harzuƙa, kar wani ya hango hularka ta cikin ganye ya ɗauka kan tsuntsu ne. Kuma ba sa laɓaɓawa su bi kukan da suka ji, don mai yiwuwa wani maharbin ne yake kwaikwayo. Mu ma haka, ba a harbin motsi, ba a harbin sauti, sai ka ga tsuntsun ƙuru-ƙuru ka kuma ga abin da ke bayansa. Harsashin adaka watsuwa yake, ba ya tambayar sunan kowa.

Sai kuma farkon damina, nan ne za ka ga abin dariya. Garken da ka saba gani da yawa tun kaka zai fara rabuwa biyu-biyu, mazan kuma su hau tsere, ɗaya ya ɗaga fukafukai ya ƙudundune baya ya bi ɗaya a guje, su zagaye kalgo su dawo, su sake zagayewa, har ta gabanka za su iya wucewa ba su kula ba. Ba hauka ba ne, takarar mata ce. Talo-talon can ma haka, in lokacin barbara ya zo namijin har motar da aka ajiye yake saran ta don ya ga hotonsa a jiki ya ɗauka kishiya ce, kuma maharbansu sun sha ganin an harbe namiji ɗaya, maimakon sauran su gudu sai su dawo su hau shi da sara da duka yana ƙasa. Yana gurnaninsa kuma ko tsawa aka yi ko aka buga ƙofar mota sai ya amsa ba shiri, shi ya sa maharba ke yin kukan mujiya ko na hankaka da asuba don ya tona inda ya kwana.

To a nan ne nake da magana. In zabi sun fara tseren nan, kakar farautarsu ta ƙare, rataye bindiga ka ɗauki fartanya. Zabuwar da ka kusa takawa a cikin ciyawa sannan ta tashi fir a gabanka, ba wawta ce ta sa ta zauna ba, ƙwai take kwance a kai, kwana 26 zuwa 28 take yi kafin ta ƙyanƙyashe, kaza kuwa 21. Namijin da ka gani shi kaɗai a kan suri yana ta kuka ya ƙi barin wurin, gadi yake, matarsa na nan kusa. Waɗanda kuma suka buɗe fukafukai suka yo kanka ko suka riƙa ɗan gudu suna tsayawa don ka bi su, 'yan tsaki ne a ɓoye a ƙarƙashin ƙafarka, duba inda za ka taka ka fita a hankali, ka kuma riƙe karenka. Ka harbe uwa ɗaya a watan Yuli ka kashe garke guda na kaka. Dama tsakin zabi raɓa kaɗai ma kashe su take.

Mutanen Amurka sai da suka kusa ƙarar da talo-talon dajinsu kaf wajen shekarun 1930, da harbi ba ƙa'ida da sare daji. Da suka farga sai suka gwada ƙyanƙyasa a keji su saki a daji, abin bai yi ba, na kejin ba su san yadda ake tsere wa dila ba. Sai daga shekarun 1950 da suka koma kama na dajin da raga suna kai su inda babu, sannan abin ya kama, yanzu miliyoyi ne a jihohi 49, Alaska ce kawai babu. Kuma har yau a farautar bazara mai gemu kawai ake yarda ka harba, wato galibi namiji, da adadin da aka yanka maka. Na kawo wannan ne don masu cewa ai zabi ba sa ƙarewa, ga su nan cike da kasuwa. Na kasuwa na gida ne malam, in na daji suka ƙare a yankinku ba za ka mayar da su da na akurki ba. Tambayi dattawan garinku inda suke samun zabi da suna samari da inda ake zuwa yanzu.

Wannan ya kawo mu kan garken da ba ya tsoron mutum sam. Ka taho sun ɗago sun kalle ka sun ci gaba da tsince-tsincensu. Kafin ka ce sa'a, duba su da kyau. Akwai mai farin ƙirji a ciki? Akwai fari fat ko mai ruwan toka-toka? Ƙafafun sun yi ja-ja ko ruwan lemo maimakon baƙi-baƙi? Sun fi girma da nauyin jiki? To na mutane ne, zabin gida suna nisan kiwo fiye da yadda kake zato, musamman na rugar Fulani da na ƙauyukan gefen fadama. Harbi ɗaya ya kai ka gaban mai unguwa ana lissafa maka har ƙwan da za ta yi bana. Wani lokacin kuma rashin tsoron yana nuna ka shigo inda ba a farauta ne, irin Dajin Falgore ta wajen Doguwa da Tudun Wada, ko Baturiya a Kiri Kasamma cikin fadamun Haɗejiya. Waɗannan wuraren gwamnati ta keɓe su, a kama ka da bindiga a ciki ba zance ne mai daɗi ba. In ba ka san iyaka ba tambayi Sarkin Baka na yankin kafin ka shiga.

Wanda ya fi ba ni tsoro dai shi ne zabo shi kaɗai, ba damina ba, ya takure gashi a tashe, fukafukai sun zubo, ko yana juyi a wuri ɗaya wuya a murɗe kai na kallon sama, ko yana tafiya yana tangaɗi har ka iya kama shi da hannu. Kar ka kama. Murɗewar wuya da koren zawo alamar ciwon nan ne da ke share kaji da hunturu, kuma yana kama zabi, ka kai shi gida a buhu ka kwashe wa iyalinka kajinsu gaba ɗaya. Ga kuma murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Najeriya a watan Fabrairun 2006 a wata gona a jihar Kaduna, ta shigo Kano ma, ita kuma tana iya kama mutum. Mu da ke kusa da fadamun Haɗejiya da Nguru inda agwagin ruwa ke sauka daga Turai duk hunturu ya kamata mu fi kowa kula. In ka ga matattun tsuntsaye fiye da ɗaya a wuri guda, kar ka bari kare ya ɗauka, ka sanar da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma. Akwai kuma guba. Wasu marasa tsoron Allah suna jiƙa hatsi da maganin ƙwari su watsa a bakin ruwa, wani lokacin kuma irin shuka ne da aka cuɗa da magani tsuntsun ya tono. Irin wannan za ka ga yana dalala yana rawar jiki. Wannan naman ba na ci ba ne ko an yanka.

In kuwa lafiyayyun zabi ne da rani suna gudunsu yadda aka sani, to kar ka wahalar da kanka da bin su, ƙafarsu ta fi taka kuma sun fi son gudu a kan tashi. Nemo inda suke birgima, za ka ga 'yan ramuka a ƙasa mai laushi da gashi mai ɗigo-ɗigo a ciki, ka nemo tsamiya ko kanyar da suke kwana, kashinsu zai nuna maka a gindinta, sannan ka gano hanyar da suke bi a jere zuwa ruwa da yamma. Ka riga su zuwa, ka jingina da bishiyar da ta fi faɗin kafaɗarka, ka zauna kamar babu kai. Iska ba ta dame ka ba kamar a farautar gada, su ido da kunne ne makaminsu, ko ƙuda ka kora sun gan ka. In sun tsaya nesa sun ƙi ƙarasowa kar ka ja jiki ka matsa, yi haƙuri, gobe ma hanyar za su bi in ba ka firgita su ba. Zancen haska su da tocila a kan bishiya da dare kuwa, ni ban ɗauke shi farauta ba, kuma garken da aka yi wa haka sau ɗaya ya bar bishiyar ke nan.

In Allah ya ba ka, ka yi bisimilla tun wajen harbi, ka same shi da rai ka yanka nan take. Wajen gyara kuma kar ka yar da 'yar jakar nan ta gindin wuya inda yake tara abinci sai ka tsaga ka duba. In ka ga dawa ko gero ka san gonar da suke sauka, in gara ce da fara to wajen suri da saura suke kiwo, gobe ka san inda za ka zauna. In kuma ka ga ƙwayar hatsi mai launin ja ko kore irin na maganin shuka, ko wari irin na feshi ya bugi hancinka, tona rami mai zurfi ka binne shi duka har kayan cikin, inda kare ba zai tono ba, ka wanke hannu da wuƙar da sabulu.