Kurakuran da Muke Yi Wajen Auna Sabon Fim da na Asali

Da wuya a taɓo zancen fim ɗin Don a majalisar masu son finafinan Indiya ba a rabu gida biyu ba. Manya su ce Don ɗaya ne tak, na Amitabh Bachchan na 1978. Matasa su ce su dai na Shah Rukh Khan na 2006 suka sani, kuma ya ishe su. Na sha zama cikin irin wannan musu, a Kano da wajenta, kuma abin da ke damuna shi ne sau da yawa kowane ɓangare da mudun da bai dace ba yake awo. Fim ɗin da aka sake yi yana iya fin na farko, yana iya gaza shi nesa ba kusa ba, amma kafin mutum ya yanke hukunci akwai tuntuɓen da ya kamata ya kauce wa.

Rashin sanin wane ne na asalin

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma shi ya fi sauƙin gyara. Mutum ya ɗauki wanda ya fara gani a matsayin na asali, alhali shi ma maimaici ne.

Ɗauki Ghajini. Mafi yawanmu na Aamir Khan na 2008 muka sani. Amma darakta A. R. Murugadoss ya riga ya yi shi da harshen Tamil a 2005, Suriya ne jarumin, kuma jaruma Asin ta fito a duka biyun. Shi ma na Tamil ɗin ya ari ƙashin bayansa, wato mutumin da ke manta abu bayan ɗan lokaci yana rubuta wa kansa tuni a jiki, daga Memento na Christopher Nolan na shekarar 2000. Haka Drishyam: na Ajay Devgn na 2015 ya fi yawo a wayoyinmu, amma na farko na Mohanlal ne, da harshen Malayalam, a 2013. Devdas na 2002 kuwa ya tarar da na Dilip Kumar na 1955, wanda shi ma ya tarar da na 1935, kuma dukkansu daga littafin da aka buga a 1917 suka fito. Ko Scarface na Al Pacino na 1983, da samari ke manna hotonsa a shagon aski, akwai na 1932 a gabansa.

Gyaran bai wuce minti biyu ba. Ka duba sunan fim ɗin a intanet tare da shekararsa, ka kuma karanta rubutun da ke fitowa a farkon fim ko ƙarshensa, inda ake ambaton tushen labari. Indiya tana da masana'antun fim da yawa, kowacce da harshenta, kuma finafinan Mumbai da dama daga kudancin ƙasar aka ɗauko su.

Cakuɗa maimaici da ci gaba da wanki

Abu uku ne daban, amma a baki mun mai da su ɗaya. Maimaici shi ne a sake yin labarin nan dai tun daga farko. Ci gaba shi ne a ɗora daga inda aka tsaya. Living in Bondage na 2019, wanda Ramsey Nouah ya ba da umarni, ci gaba ne na fim ɗin 1992, domin labarin ɗan jarumin farko ne. Wanda ya ce "sun ɓata labarin" a nan bai fahimci abin da ya kalla ba.

Wanki kuma shi ne a ɗauki labarin wani ba izini, ba ambato. Ba mu muka fara ba. Sergio Leone na Italiya ya ɗauki Yojimbo na Akira Kurosawa na 1961 ya mai da shi A Fistful of Dollars a 1964, har maganar ta kai ga shari'a, aka biya masu fim ɗin Japan. Shi kuwa Laal Singh Chaddha na 2022 sai da aka sayi haƙƙin Forrest Gump na 1994 kafin a ɗora kyamara.

Dalilin rarrabewar shi ne akwai tambaya biyu, kuma kowacce da amsarta. An ɗauki haƙƙin wani? Fim ɗin ya yi kyau? Fim ɗin Leone wanki ne kuma ƙwararren aiki ne. Kyansa bai wanke laifin ɗauka ba izini ba, laifin ma bai rage masa kyau ba. Ka amsa kowace tambaya a kan kanta.

Auna fim da ƙuruciyarka

Wanda ya kalli fim yana ɗan shekara goma sha biyar a sinimar El Dorado ko Marhaba, ko a gaban kaset ɗin haya ana cunkushe a falo ɗaya, ba fim kaɗai yake tunawa ba. Yana tuna abokai, da kuɗin shiga da aka sha wuya aka haɗa, da ihun da aka yi lokacin da jarumi ya bayyana. Babu sabon fim da zai iya gogayya da wannan, kuma bai kamata a ɗora masa nauyin hakan ba. Wannan ƙauna gaskiya ce, ina da irinta, amma ba ma'auni ba ce.

Maganinsa shi ne ka sake kallon tsohon yau, daga farko har ƙarshe, cikin satin da ka kalli sabon. Wani lokaci za ka tarar yana nan da ƙarfinsa. Wani lokaci kuma za ka ga tsakiyarsa ta ja da yawa, ko barkwancin da ya kashe ka da dariya a da yanzu bai motsa ka ba. Matasa ma suna da nasu nau'in wannan kuskure: da sun ga hoto ya dushe ko faɗan bai da sauri, sai su kashe cikin minti goma. A ba tsohon fim haƙurin da ake ba dattijo idan yana ba da labari.

Ƙirga abin da aka canza a matsayin laifi

A nan ne nake ganin aka fi yin asara, domin kuskuren ya shafi mai kallo da mai shirya fim baki ɗaya. Za ka ji an ce, "Ai ba haka yake a na farko ba," kamar wannan kaɗai ya gama magana.

An taɓa gwada bin na asali sau da ƙafa. A 1998 darakta Gus Van Sant ya sake yin Psycho na Alfred Hitchcock na 1960, kusan hoto bayan hoto, sai dai ya sa kala da sababbin 'yan wasa. Bai karɓu ba, a wurin masu kallo da masu sharhi. Duk abin da ke cikin na farko yana nan, amma tsoron ya gudu, domin abin da ya girgiza mutanen 1960 ya riga ya zama sananne.

Sai ka dubi ɗaya ɓangaren. Seven Samurai na Kurosawa na 1954 labarin manoma ne da 'yan fashi suka addaba, suka je suka nemo mayaƙa bakwai da ladan shinkafa kawai. A 1960 Amurkawa suka mai da shi The Magnificent Seven: takobi ya koma bindiga, ƙauyen Japan ya koma na Meksiko. Sholay na 1975, duk da ba maimaici ba ne kai tsaye, daga wannan rijiya ya sha, inda aka ɗauko ɓarayi biyu su tunkari shugaban 'yan fashi Gabbar Singh. Tufafi sun canza, harshe ya canza, makami ya canza. Abin da bai canza ba shi ne talakan da hukuma ta yi nisa da shi, da baƙon da ya zo don lada ya ƙare yana ba da ransa. Duk mutumin karkarar arewa a yau zai gane wannan labari ba tare da an yi masa bayani ba.

Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: mene ne zuciyar labarin, kuma ta iso sabon gida da rai? Don na 2006 ya juya ƙarshen labarin gaba ɗaya. Daraktansa Farhan Akhtar, ɗan ɗaya daga cikin marubutan na farko, ya san masu kallo sun haddace tsohon, sai ya yi amfani da saninsu ya yaudare su. Kana iya ƙin wannan ƙarshe, amma da tunani aka yi shi. Drishyam da aka sake yi a ƙasar Sin a 2019 ya kai labarin Thailand, kuma ya sa uban ya miƙa kansa ga hukuma a ƙarshe, abin da bai faru a na Indiya ba. A ganina wannan canji ya rage wa labarin kaifi, domin daɗinsa duka yana ga uban da bai yi zurfi a boko ba amma ya fi 'yan sanda dabara don ya kare iyalinsa. Ka ga ke nan akwai canjin da ke gyara, akwai mai ɓatawa, kuma aikin mai kallo shi ne ya faɗi wane ne wane, da dalili.

Ga masu shirya finafinanmu na Hausa, kuskuren yakan zo ta bayan gida. Matsalar wankin fim ɗin Indiya ba yawan canji ba ce, ƙarancinsa ce. Auren dole, da kishi, da soyayyar ɗan talaka da 'yar mai kuɗi, duk muna da su, shi ya sa labaran suke shigar mu. Amma a yawancin labaran Indiya iyayen amarya ne ke biyan dukiyar aure ga dangin ango, kuma rikici da yawa daga nan yake tasowa. Mu kuwa namiji ke biyan sadaki ya haɗa lefe, iyayen mace su yi kayan ɗaki da gara. Idan ka kwaso rikicin nasu ka zuba a gidan Malam Bahaushe ba ka sake masa tushe ba, mai kallo zai ji wani abu bai zauna ba ko da bai iya faɗin mene ne ba. Haka yadda ɗa ke ɗaga murya a gaban mahaifinsa, ko yadda budurwa ke shiga ɗakin saurayi kai tsaye. Kafin ka rubuta fitowa ko ɗaya, ka zauna ka tambayi kanka: da a unguwarmu abin nan ya faru, wa zai fara jin labari, wa za a aika ya yi biko, me gwaggo za ta ce, ina liman da mai unguwa suke? Amsoshin nan su ne fim ɗinka. Masu Laal Singh Chaddha sun yi irin wannan aiki, suka mai da bencin jiran motar da jarumin Forrest Gump ke zaune a kai yana ba da labari jirgin ƙasa, yaƙin Vietnam ya koma na Kargil. Fim ɗin bai yi kasuwa ba, amma hanyar da suka bi ita ce daidai.

Neman tsohon jarumi a fuskar sabo

Idan sabon ɗan wasa ya kwaikwayi tsohon, a ce kwafi ne. Idan ya yi nasa, a ce bai kai ba. Wannan ba adalci ba ne. A Agneepath na 2012 Hrithik Roshan bai yi ƙoƙarin ɗaukar muryar Amitabh ta 1990 ba. Ya fito a mutum mai shiru da ciwo a zuci, aka bar wa Sanjay Dutt, wanda mutanenmu ke kira Ɗan Daba Mai Lasin, nauyin ban tsoro a matsayin bos. Dabarar ta yi aiki, kuma sabon ya fi tsohon kasuwa, duk da tsohon ne ya ba Amitabh lambar yabo ta ƙasa.

Girman suna ma ba ya ceton fim. A 2007 Ram Gopal Varma ya sake yin labarin Sholay da sunan Aag, Amitabh da kansa ya fito a matsayin bos, amma fim ɗin ya faɗi warwas. Ka auna ɗan wasa da rawar da aka rubuta masa a wannan fim ɗin, ka ga ko ya cika ta.

Kuɗi da kyan hoto

The Lion King na 2019 ya tara sama da dala biliyan ɗaya da rabi, kuma dabbobinsa kamar ka taɓa su. Sai dai zaki na gaske ba ya nuna baƙin ciki a fuska, don haka mutuwar uban da ta sa yara kuka a fim ɗin zane na asali na 1994 ta zo a sanyaye. Cinikin fim yana nuna yawan waɗanda suka sayi tikiti, kuma maimaici yana cin gadon sunan da wani ya gina. Kada ka kawo shi a matsayin hujjar inganci.

Wanda ka kalla da fassara

Akwai wani abu da ya keɓanta da mu. Da yawa mun kalli ɗaya da fassarar Hausa irin ta Algaita, ɗayan kuma da harshensa na asali ko da rubutun Turanci a ƙasa. Mai fassara yana ƙara barkwanci, yana sa karin magana, wani lokaci yana gajarta zance don ya dace da motsin baki. Wannan gwaninta ce mai zaman kanta, kuma tana iya sa fim matsakaici ya yi daɗi fiye da yadda yake. Idan za ka kwatanta Ghajini na Suriya da na Aamir Khan, ka kalle su ta hanya ɗaya, ko duka da fassara ko duka ba fassara. Sannan ka lura da ƙarshensu, domin an sake rubuta na Hindi, kuma bos ɗin da ya fito a matsayin tagwaye a na Tamil ya koma mutum ɗaya, duk da ɗan wasa guda ne, Pradeep Rawat, ya hau rawar a duka biyun.