Yadda na hana mataimakin AI sayar mini da wake a tsohon farashi

Hatsi nake sayarwa a Tudun Hatsi, nan Gombe, kuma yawancin ciniki ta WhatsApp yake zuwa, daga Kumo, Dukku har Bajoga. Na haɗa mataimakin AI yana amsa saƙonni yana ɗaukar oda. Sai ga wani Alhaji ya turo yaronsa da kuɗin buhun wake a farashin makon jiya, wai haka aka faɗa masa.

Da na bincika, ashe farashin yana cikin umarnin da aka rubuta wa mataimakin tun ranar farko. Shi kuwa ba ya shiga kasuwa, abin da aka ba shi yake maimaitawa.

Na goge farashin daga umarnin, na mayar da shi Google Sheets, wato manhajar rubuta lissafi a intanet, na sa dole mataimakin ya leƙa can kafin ya furta kuɗi. Kullum da safe nake sabuntawa. Idan ranar da ke jiki ba ta yau ba ce, sai ya ce wa mutum a ɗan dakata.

Tayi kuma na sa masa iyaka, in aka wuce ya miƙo mini. Hoton rasit ma na hana shi gaskatawa, don na bogi sun yi yawa; sai na ga alat da idona ake ɗora kaya.