Darasi Kan Kayan Fatsa: Sanda, Manaɗi, Zare da Ƙugiya

Jos ba garin babban kogi ba ne, amma wuraren kama kifi ba su yi mana ƙaranci ba. Haƙar kuza da aka shiga gadan-gadan a farkon ƙarni na 20 ta bar kududdufai masu yawa a Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi, ga madatsun ruwa irin na Lamingo da Liberty, ga kuma gonar kifi ta Panyam a ƙaramar hukumar Mangu, wadda aka kafa tun shekarun 1950. Kifin da mai fatsa ya fi cin karo da shi a waɗannan ruwaye shi ne karfasa da tarwaɗa, saboda haka a kansu za mu auna kayan da ya kamata a saya. Mutane da yawa suna zuba kuɗinsu a kan sanda mai ƙyalli, su sayi zare da ƙugiya na jeka-na-yi-ka, alhali kifi ba ya kuɓucewa ta wajen sanda sai ta wajen zare da ƙulli. Wanda ya iya karanta lambobin da ke jikin kayan nan ba zai faɗa cikin wannan asara ba.

Sanda

Idan karfasa kake nema a kusa da gaɓa, busasshiyar gora mai tsawon mita 3 zuwa 4, wadda aka ɗaura wa zare a kai, ta wadatar, kuma babu abin kunya a cikinta. Sandar kanti tana da amfani ne idan kana son jefa ƙugiya nesa, ko kana sa ran babbar tarwaɗa da za ta ja zare ta gudu da shi.

Sandunan kanti iri biyu ne suka fi yawa. Ta faibagilas tana da ɗan nauyi, amma tana jure wahala, kuma ta fi araha. Ta kabon ba ta da nauyi, tana isar da motsin kifi zuwa hannu ko da ɗan taɓi ne, sai dai tana da tsada, kuma buguwa ɗaya a jikin dutse tana iya yi mata tsaga wadda ido ba ya gani, sai ranar da aka kama babban kifi ta karye. Ga mai koyo, musamman wanda zai riƙa ɗaura sandarsa a bayan babur, ta faibagilas mai gaɓa biyu, mai tsawon mita 2 zuwa 2.4, ita ce zaɓin da ya fi hankali. Wadda gaɓoɓinta ke shigewa cikin juna tana da daɗin ɗauka, amma yashi yana shiga tsakanin gaɓoɓin ya maƙale su.

Kafin ka biya, duba rubutun da ke saman mariƙi. A nan ake rubuta tsawon sanda, da ƙarfin zaren da ya dace da ita, da nauyin abin da za ta iya jefawa. Idan ka ga 10 zuwa 30 da harafin g, ma'anarsa koto da dalmar da ake maƙala wa zare don ƙugiya ta nutse su kasance tsakanin giram 10 da giram 30. Wanda ya rataya mata giram 80 ya jefa da ƙarfi, shi ya karya sandarsa. Sannan ka haɗa gaɓoɓin, ka kara ido ka ga ko zobban da zare ke bi suna kan layi ɗaya. Idan ta gwanjo ce, ka zura ɗan audugar da ka taho da ita ta cikin kowane zobe: duk zoben da ya riƙe silin auduga yana da tsaga, kuma haka zai riƙa cin zarenka.

Manaɗi

Manaɗi shi ne ɗan injin da ake ɗaurawa a ƙarƙashin sanda, mai hannun juyawa, da kwarkwaron da zare ke naɗuwa a kansa kamar na keken ɗinki, da lanƙwasasshiyar waya da ake buɗewa lokacin jifa. Girmansa ma da lamba yake tafiya. Mai lamba 2500 ko 3000 ya isa kusan dukan aikin da za a yi a kududdufan Jos, sai wanda ya nufi manyan tarwaɗa ya nemi 4000. Za ka kuma ga wata lamba kamar 5.2:1, wato idan ka juya hannu sau ɗaya, waya za ta zagaya kwarkwaro sau biyar da ɗoriya. Kada mai kanti ya ruɗe ka da wannan, domin bambancinsa kaɗan ne ga mai fatsa da koto.

Abin da ya cancanci kulawarka shi ne birki, wato murfin da ake murɗawa a saman kwarkwaro. Aikinsa shi ne ya saki zare kaɗan-kaɗan idan kifi ya ja da ƙarfin da zai iya tsinka shi. Masu koyo sukan ɗaure shi tamau don tsoron kada kifi ya gudu, kuma wannan ɗaurewar ce take sa ya gudu da ƙugiya a baki. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce birki ya fara saki idan ja ya kai kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin zare, ko ƙasa da haka kaɗan. Ana iya gwada wannan a tsakar gida. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, saboda haka idan zarenka na kilo 4.5 ne, ka cika gorar ruwa ta lita 1.5, ka ɗaura mata zaren bayan ya bi ta zobba, ka ɗaga a hankali kana riƙe da sandar a karkace. Idan birki ya fara ƙara yana sakin zare daidai lokacin da gorar ke shirin barin ƙasa, saiti ya yi.

Zare da ƙulli

Zaren roba, wanda ake kira nailan, shi ya fi dacewa da mai koyo: yana da araha, yana karɓar ƙulli, kuma yana ɗan miƙewa idan kifi ya fizga, wanda hakan ke rage tsinkewa. Akwai kuma zare mai tufka, siriri mai ƙarfin gaske, amma yana da tsada, ba ya miƙewa, yana yanka yatsa, kuma duwatsun da ke ƙasan kududdufanmu suna saurin cinye shi.

A jikin kwalin zare ana rubuta kauri da ƙarfi. Kauri da milimita ne, kamar 0.25 ko 0.35. Ƙarfi kuwa wani lokaci da haruffan kg, wato kilo, wani lokaci da haruffan lb, wato laba, kuma a nan ake yawan kuskure, domin laba ba ta kai rabin kilo ba. Zaren da aka rubuta wa 10 lb ƙarfinsa wajen kilo 4.5 ne, ba kilo 10 ba. Na 0.20 zuwa 0.25 ya dace da karfasa, na 0.30 zuwa 0.35 kuma da tarwaɗa. Kada ka ce bari in sayi mafi kauri in huta. Karfasa kifi ne mai ido da tsoro, kuma da rani, lokacin da ruwan kududdufi ya kwanta ya yi garau, zare mai kauri yana korar ta tun kafin ta kusanci koto; Hausawa ba su faɗi banza ba da suka ce kifi na ganinka, mai jar koma.

Wajen naɗa zare a kwarkwaro, ka matse shi da ɗan tsumma mai laima don ya naɗu da ƙarfi, ka tsaya idan ya rage milimita 2 zuwa 3 ya kai baki. Idan ya cika ya wuce haka zai zubo ya cukurkuɗe, idan kuma ya yi ƙasa sosai jifa ba za ta yi nisa ba.

Kowane ƙulli yana rage wa zare ƙarfi, amma ƙullin da muke yi wa bakin buhu ya fi kowanne lahani. Ga wanda ya kamata ka koya: ka zura bakin zare ta idon ƙugiya, ka naɗa shi a jikin dogon zaren sau 6, ka dawo da shi ta ƙaramar ƙofar da ta samu a kusa da idon, sannan ka sake zura shi ta babbar ƙofar da dawowar ta haifar. Kafin ka ja, ka jiƙa ƙullin da yawu, domin busasshen nailan yana ɗaukar zafi idan ya gogu da kansa, zafin kuma yana raunana shi. Ka ja a hankali har naɗin ya jeru, ka yanke saura ka bar kamar milimita 3. Idan zare ya tsinke ka ga bakinsa ya nannaɗe, to ƙulli ne ya kwance, ba kifi ne ya fi ƙarfin zare ba.

Ƙugiya, dalma da koto

Lambar ƙugiya a juye take: gwargwadon girman lamba, gwargwadon ƙanƙantar ƙugiya. Mai lamba 12 ta fi mai lamba 4 ƙanƙanta. Bayan lamba 1 kuma sai lissafi ya sauya, a shiga 1/0 da 2/0, inda girma ke ƙaruwa tare da lamba. Bakin karfasa ƙarami ne, lamba 10 ko 12 ta ishe ta. Tarwaɗa kuwa daga lamba 4 zuwa 1/0. Ana gwada kaifi a kan farce: idan tsinin ya kama, da kyau, idan ya zame, a wasa shi ko a sauya.

Karfasa tana cin tana da gara da ƙullin burodi, kuma ana kama ta a tsakiyar ruwa, don haka ana sa wa zare alama mai yawo a sama, ko ta kanti ko guntun tsohon silifa. Tarwaɗa a ƙasa take kiwo, da hanci da gashin baki take neman abinci, ta fi fitowa da magariba, kuma hanta ko hanjin kaza suna jawo ta. Dalma guba ce, a matse ta da filaya, kada a sa haƙori. A watannin Disamba da Janairu, lokacin da sanyin Jos ya kankama, karfasa tana rage ci ƙwarai, sai a jira rana ta ɗaga ruwa ya ɗan yi ɗumi.

A bakin ruwa

Wajen jifa, ka riƙe zare da manuniya, ka buɗe waya, ka waiwaya ka tabbata babu kowa a bayanka, sannan ka kaɗa sandar gaba ka saki yatsa. Idan kifi ya kama, ka bar sanda ta lanƙwasa tana gajiyar da shi, kuma kada ka juya hannu yayin da birki ke sakin zare, domin hakan yana murɗe shi.

Kududdufin kuza rami ne da aka haƙa, ba tafki ba ne mai gangare a hankali. Taku ɗaya daga gaɓa yana iya zama zurfin da ya shanye mutum, gaɓar kuma takan rufta da damina, saboda haka kada a shiga ruwan don ceto ƙugiyar da ta maƙale, a tsinka zaren kawai. Shiga ruwan da ba ya gudu yana kuma jawo tsargiya. Sandar kabon tana ɗaukar lantarki: a nisanci wayoyin wuta, kuma da zarar hadari ya haɗo an fara walƙiya, a kwantar da ita a bar wurin. Tarwaɗa tana da ƙaya a fukafukanta na gefe, a riƙe ta da tsumma ta bayan kai. Kafin ka jefa ƙugiya ka nemi izini, domin madatsun ruwan sha suna ƙarƙashin hukuma, wasu kududdufan kuma akwai waɗanda suka zuba musu kifi. Zuba guba ko abin fashewa don kama kifi kuwa, dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta shi.

Bayan an dawo gida

A goge sanda da tsumma mai laima, a raba gaɓoɓinta su bushe. Kada a tsoma manaɗi cikin ruwa, kada kuma a ajiye shi a kan yashi. Ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a hannun juyawa da mahaɗar waya ya isa, amma kada man ya taɓa birki. A sassauta birki kafin a ajiye, don kada faifan da ke cikinsa su danne su daina aiki. Rana tana cin nailan, saboda haka a adana shi a inuwa, a yanke mita ɗaya ko biyu na gaba duk lokacin da yatsa ya ji kaushi, a kuma sauya shi gaba ɗaya sau ɗaya a shekara. Ƙugiyoyi a shanya su kafin a rufe su a gwangwani, kuma a ɗora gwangwanin inda hannun yara ba zai kai ba.

Kafin darasi na gaba, kowane ɗalibi ya samo kwalin zare ko takardar ƙugiya, ya kwafi lambobin da ke jiki a littafinsa, ya kuma zo da igiya mai tsawon kamu biyu da zoben makulli, domin da su za mu gwada ƙullin nan a aji.