Diyod guda a caja: kurakuran da yaran atalye ke ta maimaitawa

Da wuya sati ya wuce wani yaro bai shigo atalyena a nan Yamai da transfo (na'urar da ke rage ƙarfin wuta a cikin caja) mai warin ƙuna ba, yana cewa: "Maigida, jabu aka sayar mini a kasuwa." In buɗe cajar in tarar da diyod ƙwaya ɗaya tal. Bakina ya gaji, shi ya sa na rubuta.

Kuran ɗin, wato wutar lantarkin da ke shigo mana gida, bolt 220 ne, yana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa. Diyod guda yana barin mai tafiya ya wuce, ya tare mai dawowa. Yaro ya ga fitila ta kama, batir yana cika, sai ya ce aiki ya yi. Bai waiwaya ya duba inda wutar ta fito ba, alhali can ɓarnar take.

An ƙera ƙarfen cikin transfo don maganaɗisu ya ja shi nan, ya ja shi can, daidai wa daida. Da ka sa diyod guda, wutar da ke bin wayar tana tafiya gefe ɗaya kawai, kamar jakin da aka cika wa mangala ɓangare guda. Ƙarfen ya karkata har ya ƙoshi, ya kasa ɗaukar ƙari. Daga nan transfo ya shiga fizgar kuran daga layi, yana gurnani, yana zafi.

Ni ma a jikina na koya. Ina yaro a Tawa, cikin zafin Afirilu, na haɗa wa maƙwabcinmu cajar batirin mota da transfo na bolt 12 da diyod guda, don in rage kuɗi. Na ji yana kuka, na ce ai haka manya suke yi, na kulle ɗaki na tafi kallon ƙwallo. Na dawo na iske hayaƙi, fentin wayar ya narke yana ɗiga, tabarmar da ke ƙasa ta yi baƙin rami kamar faifai. Transfon ma na aro ne! Wata biyu ina biyan bashi, maigidana kuwa duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa gawar transfon. Araha ba ta ado.

Tun ranar, diyod huɗu nake haɗawa gada, wato haɗin da ke amfani da mai tafiya da mai dawowa duka, ko a ƙaramin abu. Wasu za su ce ɓarna ce. Kuɗinsu bai kai na shayi da burodi ba. In dole sai guda, ka sani abin da za ka samu bai kai kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin transfon ba, sai ka nemo wanda ya ninka bukatarka sau huɗu.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi. Rediyo na "huuum", sai yaro ya yi ta ƙara girman kwandansata, wato abin da ke tara wutar da ta fito daga diyod don ya daidaita ta. Kai, wa ya koya maka? Da diyod guda sau 50 ake cika ta a daƙiƙa, da gada sau 100. Kana girmama ta, tana zuƙar wuta a ɗan ƙiftawar ido a ƙololuwar igiyar wutar, wato hawa da saukar da take yi, zuƙa mai ƙarfi, kuma da diyod guda kullum gefe guda. Layin NIGELEC, kamfanin wutar Nijar, yana da ƙarfin shanye ƙaramin abu irin wannan, amma ɗan gurup (janareta) na shago ko injin sola sai igiyar wutarsa ta baje a sama ɓangare ɗaya, sauran kayan da ke layin su sha wahala. Ka lura a wajen masu gyaran gashi: na'urar busar da kai da yawa diyod guda ke rage mata ƙarfi, da an mayar da ita ƙarami sai muryar gurup ta canza.

Sauran a gurguje. In ka haɗa kai tsaye da bolt 220 ba tare da transfo ba, kwandansata na riƙe wajen bolt 311, diyod kuma ya ga sama da 600 ta baya. Diyod mai lamba 1N4001 iyakarsa bolt 50, ɗauki 1N4007 mai 1000. Mita mai araha ba ta karanta guntuwar igiya daidai, ni da bayan hannu nake jin zafin transfo bayan na cire shi daga wuta. Na'urar katse wuta in ta zuba, nau'in AC, ba a yi ta don irin wannan kuran mai tafiya gefe guda ba, nemi nau'in A. Kuma ka sauke cajin kwandansata kafin ka kai yatsa, don tana riƙe wuta ko an cire ta daga layi, ba na son a sake jefar mini da sukurdireba a fuska.