Yadda ake karkatar da bugun firinta zuwa fayil a tsohuwar kwamfuta

Duk mai riƙe da tsohuwar kwamfuta da manhajar lissafi ta zamanin DOS, tsohon tsarin da ake rubuta wa kwamfuta umarni a baƙin allo, ya san ranar da ake gudu: ranar da firintar nan mai ribon, irin su Epson LX-300, za ta ƙi tashi. Lissafin shekara da shekaru yana nan ciki, ana kallonsa a allo, amma manhajar ba ta san wata hanyar fitar da rahoto ba sai ta kafar firinta. Ba sai ka sayi wata firintar ba. Ana iya tare abin da manhajar ke turawa a zuba shi cikin fayil, a kwafe, a adana, a buga a wani wuri.

Manhajar tana tura haruffa ɗaya bayan ɗaya zuwa kafar da ake kira LPT1, wadda DOS kuma ke kira PRN. Ba ruwanta da abin da ke ɗaya bakin. Aikinka irin na mai ban ruwa ne a fadama: ka toshe wannan hanya, ka buɗe waccan, ruwan ya bi inda kake so.

Abu na farko da sababbin hannu ke gwadawa shi ne alamar >. Sun ga DIR > JERI.TXT ya yi aiki, sai su rubuta LISSAFI > RAHOTO.TXT (a ce LISSAFI ne sunan manhajar), su buga rahoto, su tarar da fayil babu komai. Alamar nan tana kama abin da aka nufa da allo ne ta hannun DOS, ba ta taɓa abin da aka nufa da firinta. Haka ma umarnin MODE LPT1=COM1 da wasu ke ba da shawara: daga wannan kafa zuwa wata kafar kawai yake kai bugu, ba ya kai shi fayil. Kada ka ɓata yininka a kansu.

Ka fara duba cikin manhajar kanta, domin sau da yawa ƙofar tana nan ba a lura ba. A Lotus 1-2-3, idan ka danna / ka zaɓi Print, akwai File kusa da Printer, kuma zai ba ka fayil mai ƙarshen PRN. A FoxPro ana rubuta SET PRINTER TO RAHOTO.TXT. A WordPerfect 5.1, wajen zaɓen kafa akwai Other, inda za ka sa sunan fayil. Ko manhajar da wani ya rubuta wa shagonku ce, in dai akwai gurbin da aka rubuta LPT1, goge shi ka sa C:\RAHOTO.TXT ka gwada. Sunan kada ya wuce harafi 8, ƙarshensa harafi 3, kuma ban da tazara.

Tun kana wurin, ka sauya irin firintar da manhajar ke zaton tana magana da ita. In akwai Generic, ko ASCII, ko Standard, shi za ka ɗauka. A wurina wannan doka ce. Idan ka bar ta a kan Epson ko HP, fayil ɗin zai fito cike da umarnin da firinta kaɗai ke ganewa.

In babu wannan ƙofa, kuma kwamfutar DOS ce zalla, kamar MS-DOS 6.22 ta 1994, abin da nake amfani da shi PRN2FILE ne, wata 'yar ƙaramar manhaja da mujallar PC Magazine ta fitar a 1987. Tana zama a ƙwaƙwalwa ta tsare hanyar da ake bi zuwa firinta ta cikin BIOS, ƙaramar manhajar da ke jikin kwamfutar, wato hanyar INT 17h. Kafin ka buɗe manhajar lissafi ka rubuta:

PRN2FILE C:\RAHOTO.TXT /B64

Wannan /B ɗin girman ma'ajiyar wucin gadi ne. Asalinta 4K ce kacal, dogon rahoto na iya cika ta wasu layuka su zube, shi ya sa nake ƙara ta tun farko. Ka gama, ka sake rubuta PRN2FILE ba tare da sunan fayil ba, bugu ya koma firinta. /U kuma yana cire ta gaba ɗaya. Akwai manhajojin da ke tsallake BIOS su rubuta kai tsaye a adireshin kafar, 378h, waɗannan PRN2FILE ba ta ganinsu.

Amma yawancin waɗanda ke zuwa da wannan matsala Windows XP ce a kwamfutarsu, manhajar DOS ɗin tana buɗewa a baƙar taga, wato Command Prompt. A nan ne ake shan wahala, don haka a bi a hankali.

Ka buɗe folda, a ce C:\BUGU. Ka fara yin wannan, domin in foldar ba ta nan Windows ba za ta karɓi kafar da za ka ƙirƙira ba. Sai ka je Printers and Faxes, Add a printer, ka zaɓi ta cikin gida, ka cire alamar neman firinta da kanta. Wajen kafa akwai FILE: a jeri, kuma ido a kanta yake fara sauka. Ka bar ta. Tana da kyau ga manhajar Windows, don tana tambayarka suna duk bugu, amma ga wannan aikin kafa mai tsayayyen suna ta fi. Ka zaɓi Create a new port, Local Port, a gurbin suna ka rubuta C:\BUGU\FITA.PRN. Direba kuwa, a ƙarƙashin Generic ka ɗauki Generic / Text Only. Da aka tambaye ka raba firintar a netwok, wato Share, ka amsa, ka ba ta gajeren suna kamar FAYIL.

Yanzu sai a haɗa LPT1 da ita. A baƙar taga rubuta HOSTNAME ka ga sunan kwamfutarka. A ce OFIS1 ne:

NET USE LPT1: \\OFIS1\FAYIL /PERSISTENT:YES

Ka shiga a matsayin Administrator kafin ka yi, domin XP ba ta barin mai ƙaramin izini ya karkatar da kafar da ke jikin kwamfutar. Idan umarnin ya ce bai ga hanyar sadarwa ba, ga dalili: dabarar tana sa kwamfuta ta kira kanta da kanta ta netwok, kuma kwamfutar shago da babu waya a bayanta ba ta da netwok mai rai. Wasu kan je su sayo suwic da kebul saboda wannan kawai. Asarar kuɗi ce. A Add Hardware akwai Microsoft Loopback Adapter, katin netwok na ƙarya da ke zuwa da XP kyauta. Ka sa shi, ka tabbata File and Printer Sharing a kunne yake, ka maimaita umarnin. Ka gwada da DIR > LPT1 kafin ka taɓa manhajar lissafi.

Ga inda na fi ganin mutane suna karaya. An yi komai daidai, an danna bugu a manhajar, an garzaya C:\BUGU, an tarar fayil bai motsa ba ko tsohon abu ne a ciki. Sai a ce bai yi ba, a rushe duk abin da aka gina. Alhali ya yi. Yawancin manhajojin DOS ba sa faɗin sun gama bugu, shiru kawai suke yi. Don haka XP takan jira daƙiƙa 15 ta ga ko akwai sauran haruffa kafin ta rufe aikin ta rubuta shi. Ka ƙirga 20 a ranka, ko ka fita daga manhajar, sannan ka duba. Adadin yana cikin rajistar Windows, a HKEY_LOCAL_MACHINE\SYSTEM\CurrentControlSet\Control\WOW, da sunan LPT_timeout. Ana iya rage shi, amma ni ba na son a yi ƙasa da shi sosai. Manhajar da ke tsayawa lissafi a tsakiyar rahoto za ta yi shirun da ya wuce wa'adin, Windows ta ɗauka an gama, rahoto ɗaya ya rabu biyu.

Kuma rabuwar nan ba ƙaramar ɓarna ba ce, saboda abu na biyu: kowane sabon bugu yana shafe na baya. Sunan fayil ɗaya ne, FITA.PRN. Na ga wanda ya zauna ya buga rahoton watanni goma sha biyu a jere, ya buɗe fayil ya tarar da na Disamba kaɗai. Ka buga ɗaya, ka jira, ka kwafe da sabon suna, sannan na gaba:

COPY C:\BUGU\FITA.PRN C:\BUGU\JAN2004.TXT

Wajen karantawa, EDIT na DOS ya fi Notepad, domin layukan teburin da tsofaffin manhajoji ke zanawa na tsarin haruffa 437 ne, Notepad kuma tana mai da su wasu baƙin haruffa. In dole sai Notepad, ka sa salon rubutu Terminal, ka kashe Word Wrap, don rahoto mai faɗin harafi 132 kada ya karye. 'Yan alamomin da ke farkon shafi umarnin firinta ne: harafi mai lamba 27 mai buɗe umarni, 15 mai matse rubutu a Epson, 12 mai tura sabon shafi. A goge su ba komai.

In kuma buga fayil ɗin za ka yi a wata kwamfuta mai firinta iri ɗaya, kada ka goge komai, ka rubuta COPY /B JAN2004.TXT LPT1. Ba tare da /B ba, kwafin zai tsaya da zarar ya ci karo da harafi mai lamba 26. Ranar da firintarka ta dawo daga gyara, NET USE LPT1: /DELETE zai mayar da kafar yadda take. Windows mai bit 64 kuwa ba ta buɗe manhajar DOS ko kaɗan, sai ta cikin manhajar da ke kwaikwayon DOS kamar DOSBox-X, inda za ka sa parallel1=file a fayil ɗin saitinta.