Kaka ta shigo, hunturu na tafe: kurakuran da ke hana dattawanmu more lokacin

Kaka lokacin tsofaffi ne, sunan ma ai ɗaya ne. Ruwa ya ɗauke, gero ya shiga rumbu, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran yanka, daga Nuwamba har ƙarshen Disamba kuma katin biki ba ya yankewa. Makarantu su yi hutu, jikoki su cika gida. Amma duk shekara sai ka ga wanda ya fi kowa cancantar jin daɗin lokacin shi ne ya ƙare shi a kwance, kuma in ka bi diddigi ba wani babban abu ne ya jawo ba.

Bari in fara da wanda yake kisa: kaskon wuta a ɗaki rufe. Shekara uku da suka wuce matar kawuna ta shiga tashinsa sallar asuba, ta tarar ya kasa ɗaga kai, yana ta amai, magana ma da ƙyar. Ashe da daddare ya shigar da garwashi, ya rufe taga, har tsumma ya cusa a ƙarƙashin ƙofa don kada sanyi ya sami hanya. Maƙwabta suka taru ana cewa iska ce ta taɓa shi. To iskar ce, amma ba wadda suke nufi ba. Gawayi in yana ci a inda iska ba ta zagayawa, yana fitar da wata guba marar wari marar launi, ta shiga jini ta tare gurbin iskar da jiki ke rayuwa da ita. Mai barci ba ya jin komai. Garwashin da ya yi jajir ya daina hayaƙi shi ya fi yaudara, don shi mutane ke ɗauka ya zama lafiyayye.

Gyaran ba wuya. A ɗumama ɗakin bayan magariba taga na buɗe kaɗan, a fitar da kaskon kafin a kwanta, sauran aikin a bar wa bargo da safa da hular sanyi. Janareta ma haka, kada a tayar da shi a zaure ko a gindin taga. In kuwa aka sami mutum a irin halin da muka sami Kawu, a fito da shi fili nan take a nufi asibiti, addu'a a yi ta a mota.

Sai asuba. Sanyi na matse jijiyoyin jini, shi ya sa mai hawan jini yakan ga awonsa ya ɗaga a Disamba da Janairu. Dattijo ya ji kiran salla ya yi zumbur ya miƙe daga cikin bargo, ya fita tsakar gida cikin duhu, ya kwara ruwan da ya kwana a buta. Jiri ya ɗebe shi a bakin makewayi, ga santsi. Karayar ƙugu a shekara 75 ba irin ta yaro ba ce, da yawa ba sa komawa tafiya kamar da. A zuba masa ruwan ɗumi a filas tun da dare, tocila a gefen matashi, in ya farka ya zauna a bakin gado minti ɗaya ko biyu kafin ya tashi. Ruwan ɗumi ba ya rage wa alwala komai, in Baba ya yi gardama a haɗa shi da limamin unguwa.

Akwai kuma ƙauracewa ruwan sha. Tsoho dama ƙishirwa ba ta cika kama shi ba, ga tsoron fita fitsarin dare, sai ya wuni a kan kofi ɗaya alhali iskar hunturu na tsotse jikinsa. Ya sha da yawa daga safe zuwa la'asar, ya rage da dare. Ƙafa kuma a riƙa shafe ta da man kaɗanya bayan wanka. Mai ciwon suga kada ya sa reza ya ce zai kankare kaushi, kada kuma ya miƙa ƙafa bakin wuta, don wasunsu ƙafar ta daina jin zafi, sai ta ƙone ba su sani ba.

Ƙurar nan da ke rufe Kano da Damagaram, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke kwaso ta. Mai asma da mai tsohon tari ya rufe hanci da takunkumi ko gefen rawani ranar da hazo ya yi kauri. Amma kulle kai a ɗaki wata biyu shi ma ciwo ne: gwiwa ta sage, barcin dare ya gudu, zuciya ta yi ƙunci. Hantsi na ɗagawa a fita majalisa a sha shi.

Biki kuwa, a nan nake da ƙorafi. "Hajiya, a ɗan taɓa mana, ai sau ɗaya ne." Sau ɗaya a ina, biki huɗu a mako guda? Ga alkaki, ga nakiya, ga dubulan, ga zoɓon da aka juye wa sukari kamar da gayya, ga miya dunƙule ya yi mata yawa. Abin da ya fi shi ne ta ci abincinta na gida kafin ta fita, can ta ɗanɗana ɗaya, sauran a ƙulle a leda a kawo wa jikoki. Ba dole ba ne kuma ta halarci komai tun daga kamu har kai amarya; ta je wuni ta sa albarka ta dawo kafin sanyin magariba, babu mai hankalin da zai ce ta yanke zumunci. In bikin na wani gari ne, magani shi ne farkon abin da zai shiga jaka, har da na ƙarin kwanaki, don "kwana biyu zan yi" yakan zama mako. Tafiyar dare a cikin hazo kuma a haƙura da ita.

Dattawan karkara nasu kuskuren a kasuwa yake. Gudunmawar biki ta taso, sai a kwashi hatsi a sayar a daidai lokacin da ya fi araha, damina ta yi a dawo ana awo da tsada. A fitar da zakka, a ware na cin shekara a rufe rumbu, abin da ya saura shi ne na hidima.

Na ƙarshen namu ne, mu 'ya'ya. Mukan kawo yara hutu, mu zaunar da tsohuwa gaban talabijin, kowa ya duƙufa a wayarsa, mu ce ai mun zo. Bara da aka ɗauke wuta wani dare, Inna ta sa aka gasa gyaɗa a tsakar gida, ta jawo ɗan autana ta ce, "Zo nan, maigidan da ba ya cefane." Ta ce ga ta nan ga ta nanku, yaran suka yi shiru suna kallon juna, ba wanda ya san amsa. Ni na ce ta zo mu ji ta. Gizo bai kai ga gama cutar Ƙoƙi ba aka kawo wuta, babbar 'yata ta tashi ta kashe ƙwan ta dawo ta zauna.