Takardar CAC ba ta mutuwa, amma kamfani yana iya kwanciya

Shekarata goma sha huɗu ina harkar albasa da tattasai a kasuwar Mil 12 da ke Legas. A 2017 na yi wa kasuwancina rajistar kamfani a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, na sa aka yi wa takardar firam, na rataye ta a shago, na ɗauka an gama ke nan. Sai a 2022 wani otal a Ikeja ya nemi in riƙa kai masa kaya duk mako. Mun daidaita farashi, saura sa hannu, sai ma'aikaciyarsu ta buga lambar kamfanina a kwamfuta, ta ce, "Alhaji, kamfaninka a kwance yake." Kafin in gyara sai da na ci mako uku, kwangilar kuwa ta tafi hannun wani. Abin ya yi mini ciwo, shi ya sa duk ɗan'uwan da ya ce mini yana da rajista, nakan tambaye shi yaushe rabonsa da shigar da bayanin shekara.

Ita takardar da CAC ta ba ka ba ta da ranar ƙarewa kamar lasin tuƙi. Abin da muke ce wa sabunta rajista a kasuwa shi ne bayanin shekara, wanda lauyoyi ke kira anuwal ritan. Da shi kake shaida wa hukuma cewa kamfanin yana raye, ga masu shi, ga daraktocinsa, ga adireshinsa, ga yadda kuɗinsa ya gudana. Ko sisi ba ka juya ba a shekarar, dole ne ka shigar. A nan mutanenmu da yawa ke faɗawa rami, su ce ai ba su yi ciniki da sunan ba.

Kafin komai, shiga shafin binciken CAC a wayarka, ka rubuta sunan kasuwancinka ko lambarsa. Kyauta ne. Zai nuna maka ko yana aiki ko ya kwanta. Abin da banki da masu ba da kwangila ke dubawa ke nan kafin su saurare ka.

Sai ka san irin rajistar da ke hannunka, don lokacinsu ba ɗaya ba ne. In lambarka ta fara da BN, sunan kasuwanci ne, kuma wa'adinka 30 ga Yuni na kowace shekara, ban da shekarar da ka yi rajistar. Yaranmu masu POS a Agege da Idi-Araba da suka yi tururuwar rajista a 2024, yawancinsu wannan ce tasu, kuma ba kowa aka faɗa wa akwai abin yi duk shekara ba. In RC ce, kamfani ne, doka ta ce cikin kwana 42 bayan babban taron shekara na masu hannun jari. Dokar kamfanoni ta 2020, wadda marigayi Shugaba Buhari ya sa wa hannu, ta ɗauke wa ƙananan kamfanoni tilascin yin wannan taro, amma ƙaramin kamfani ma yana shigar da bayaninsa. Ƙungiyoyi da masallatai masu rajistar amintattu kuwa, nasu tsakanin 30 ga Yuni ne da 31 ga Disamba.

Inda na fi shan wahala ba wajen biyan kuɗi ba ne, wajen shiga asusun ne. Wanda ya yi mini rajista tun farko da imel ɗinsa da lambar wayarsa ya buɗe komai, ya kuma bar Legas. Duk saƙon da hukuma ta aiko can yake zuwa. Don Allah, ɗan'uwa, in wani ne ya yi maka, ka je yau ka tabbatar imel da lambar da ke kan rajistar naka ne. Ka kuma duba yadda aka rubuta sunanka. In katin NIN ya ce Muhammad, rajista ta ce Mohammed, za a iya dawo maka da takardunka, ka koma baya. Mu da sunanmu ɗaya ake rubutawa iri uku, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ga kamfani, za ka buƙaci bayanin kuɗi na shekarar. Ni littafin shago nake kai wa akanta, da takardar shige da ficen kuɗi ta banki, shi ya tsara. Ka nemi mai shaidar ICAN ko ANAN, ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, ko lauyan da CAC ta amince da shi. Kuɗin hukuma ta Remita ake biya, wato tsarin biyan kuɗi ta intanet, kuma ka karɓi rasit ɗin da hannunka, ka raba shi da ladan wanda ya yi maka aiki. In ana bin ka shekaru, kowace shekara da kuɗinta da tararta, ba a tsallake ko ɗaya. Ni huɗu na biya a zama guda, tarar kuwa ita ta fi cin rai. Da aka amince, sai na ciro rahoton matsayin kamfani, shi ne takardar da banki ke so ya gani yanzu.

Akwai kuma canje-canjen da ba sa jiran ƙarshen shekara. Darakta ya rasu ko ya fita, ko an ƙara wani, kwana 14 doka ta ba kamfani ya sanar. In ka tashi daga shagon da ke kan rajista, ka sauya adireshin. Duk mai kashi 5 cikin ɗari na jari ko fiye, dole sunansa ya kasance cikin masu iko da kamfani. Na ga iyalin da mahaifinsu ya rasu, kuɗi na asusun kamfani, darakta na biyu kuma wani abokinsa ne da aka ari sunansa tun shekarun baya, ba wanda ya san inda yake. Marayu suka daɗe suna zarya.

Kada ka haɗa wannan da haraji. Bayanin CAC daban, na hukumar haraji ta tarayya daban, na LIRS ta jihar Legas daban.

Kamfanin da ya shekara goma a jere bai shigar da komai ba, hukuma na da ikon goge sunansa, kuma ta sha fitar da jerin dubban irinsu. Dawo da shi sai an dangana da Babbar Kotun Tarayya. In ka san ka bar harkar, gara ka rufe rajistar a hukumance da ka bar tara tana taruwa da sunanka.

Ni dai yanzu watan Mayu na kamawa nake ɗaukar littafin shago in nufi wurin akanta, kafin cunkoson ƙarshen Yuni ya sa shafin ya yi nauyi. Rasit da rahoton kuma ina ajiye kwafi biyu, ɗaya a shago, ɗaya a gida wurin uwargida.